Tseren Imola na 1994 da batun kare rayuka a gasar Formula 1: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya fara kallon tseren motoci na Formula 1 a 'yan shekarun nan zai lura da wani abu. Duk sanda mota ta daki katanga ta yi raga-raga, direba kuma ya fito da ƙafafunsa yana kakkaɓe jiki, sai masu sharhi su ambaci Imola da shekarar 1994. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan tsere da abin da ya biyo bayansa.

Wane tsere ne wannan, a ina kuma aka yi shi?

Sunansa Gasar San Marino, amma ba a ƙasar San Marino aka yi shi ba. Filin yana garin Imola, kusa da birnin Bologna a arewacin Italiya. Da yake Italiya tana da nata tseren a Monza, sai aka ari sunan 'yar ƙaramar ƙasar da ke maƙwabtaka aka laƙa wa na biyun. Na 1994 shi ne tsere na uku a kakar shekarar, an fara atisaye ranar Juma'a 29 ga Afrilu, aka yi tseren ranar Lahadi 1 ga Mayu. A cikin kwana ukun nan direbobi biyu suka mutu, Roland Ratzenberger da zakaran duniya Ayrton Senna ɗan Brazil, wani kuma ya sha da ƙyar, 'yan kallo da kanikawa kuma suka jikkata.

Me ya faru ranar Juma'a da Asabar?

Ranar Juma'a Rubens Barrichello, matashi ɗan Brazil mai tuƙa motar kamfanin Jordan, ya taka gefen hanya a wata kwana yana gudun kimanin kilomita 225 a awa. Motar ta tashi sama ta daki saman shingen tayoyi ta kife. Ya suma, harshensa ya toshe masa hanyar numfashi, sai da likitan gasar, Farfesa Sid Watkins, ya iso ya buɗe masa ita. Ya tsira da karayar hanci. Da mutane suka ga ya rayu sai hankali ya kwanta, aka ce ai motocin zamani ba sa kashe mutum.

Washegari wannan magana ta ƙaryata. Ana cikin gwajin share fage, wanda da shi ake tantance inda kowa zai tsaya a layin farawa, Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya ya ɗan sauka daga hanya, fiffiken gaban motarsa ta Simtek ya sami matsala bai sani ba, ko kuma ya ɗauka ba komai. A zagaye na gaba fiffiken ya ɓalle ya shige ƙarƙashin motar. Ba fiffike, iska ba ta danne gaban mota, sitiyari ya zama banza. Ya daki katangar kankare a kwanar Villeneuve da gudun kilomita 314 a awa, ƙashin gindin ƙoƙon kansa ya karye. Shekararsa 33, kuma wannan ne karo na uku kacal da ya zo gasar Formula 1 bayan ya daɗe yana faman neman kuɗin shiga.

Rabon da direba ya mutu a makon tsere tun 1982, lokacin da Riccardo Paletti ya mutu a Kanada. Elio de Angelis ya mutu a 1986, amma a wurin gwajin mota ne a Faransa. Yawancin direbobin da ke Imola ba su taɓa ganin gawar abokin sana'a a fili ba.

Shi kuma Senna yaya aka yi ya mutu?

Ranar Lahadi tun daga farawa abin ya ɓaci. Motar JJ Lehto ta mace a kan layi, Pedro Lamy da ya taso daga baya bai gan ta ba ya banke ta. Taya da ɓaraguzai suka tsallake shinge suka faɗa cikin 'yan kallo, mutum tara suka ji rauni. Aka fito da motar jagora, wadda ke shiga gaban 'yan tsere ta rage musu gudu har a share hanya. Motar da aka yi amfani da ita Opel Vectra ce, irin ta shiga gari, ba ta da gudun da zai riƙe wa tayoyin motocin tsere zafinsu. An ga Ayrton Senna, wanda ke kan gaba, ya matso kusa da ita yana nuna wa direbanta ya ƙara wuta.

Aka sake sakin su a zagaye na shida. A na bakwai, da ƙarfe 2:17 na rana, motar Williams ta Senna ta shiga kwanar Tamburello da gudun sama da kilomita 300, maimakon ta bi hagu sai ta miƙe. Ya taka birki, gudun ya ragu zuwa kimanin 210, sannan ta daki katanga. Michael Schumacher na biye da shi, a kan idonsa aka yi.

Abin da ke ba mutane takaici har yau shi ne jikin Senna ba karaya. Tayar gaba ta dama ce ta fizge ta dawo ta bugi kansa, wani ƙarfe daga cikin masu riƙe da tayar kuma ya huda hular kwanonsa a saman idon dama. Watkins ya yi masa aikin gaggawa a gefen hanya, jirgi mai saukar ungulu ya sauka a kan titin tseren ya ɗauke shi zuwa asibitin Maggiore da ke Bologna. Da ƙarfe 6:40 na yamma aka sanar da rasuwarsa. A cikin motar an sami tutar Ostiriya a naɗe. Ya yi niyyar ɗaga ta bayan tsere don tunawa da Ratzenberger.

Me ya sa mutuwarsa ta girgiza duniya haka?

Domin shi ne gwanin zamaninsa. Ya ci kambin duniya sau uku, a 1988, 1990 da 1991, ya lashe tsere 41, ya fara tsere daga matsayi na ɗaya sau 65. Shekararsa 34. Kuma miliyoyin mutane na kallo kai tsaye a talabijin. Gwamnatin Brazil ta ba da kwana uku na makoki, jama'ar da suka fito a São Paulo ba a iya ƙirga su. Masu tuna Gasar Kofin Duniya ta 1994 a Amurka, wadda Najeriya ta fara zuwa, za su iya tuna cewa 'yan wasan Brazil sun ɗaga ƙyalle mai sunan Senna bayan sun doke Italiya a bugun fenariti.

Jana'izar Ratzenberger a Salzburg kuwa 'yan kaɗan ne daga manyan gasar suka je. Shugaban FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, Max Mosley, yana cikinsu, ya ce ya je ne don kowa ya tafi ta Senna.

Me ya jawo hatsarin? Kuskuren direba ne ko matsalar mota?

Wannan ita ce tambayar da ba a gama jayayya a kanta ba. Bayani biyu ne suka fi ƙarfi.

Na farko, sandar sitiyari ce ta karye. Senna ya koka cewa mazaunin motar ya matse shi, hannunsa na gogar jikinta. Sai kanikawan Williams suka yanke sandar, suka ƙara wani guntun ƙarfe mai siririn jiki suka yi masa walda. Bayan hatsari an sami sandar a karye a daidai wurin, binciken ƙwararru kuma ya nuna ƙarfen ya fara tsagewa tun kafin bugun. Masu gabatar da ƙara suka ce ta karye yana cikin kwana, shi ya sa motar ta miƙe. Kamfanin ya ce a'a, bugun katanga ne ya ƙarasa ta, kuma bayanan kwamfutar motar sun nuna sitiyari na aiki.

Na biyu, tayoyin ne suka huce a bayan motar jagora, iskarsu ta ragu, motar ta yi ƙasa. Da ta hau gargadar da ke Tamburello sai cikinta ya daki kwalta, ta rasa riƙo na ɗan lokaci, bayanta ya zame. Adrian Newey, wanda ya zana motar, ya taɓa cewa yana zargin tayar baya ta dama ta taka ɓaraguzan hatsarin farko ta fara sacewa.

Akwai kuma abin da ke bayan duka biyun. A farkon 1994 hukumar ta haramta na'urorin kwamfuta masu taimaka wa direba, irin masu daidaita tsayin mota da kansu da masu hana taya zamewa. An cire su amma ba a rage ƙarfin inji ba. Williams ce ta fi kowa dogara da su, don haka motarta ta FW16 ta fito mai gardama. Senna bai gama tsere biyun farko ba, ya zo Imola ba maki ko ɗaya, Schumacher kuwa yana da 20.

An hukunta wani?

Ba wanda ya shiga kurkuku. A dokar Italiya dole a binciki irin wannan mutuwa, don haka a 1997 aka gurfanar da mutum shida bisa zargin kisa ba da gangan ba: Frank Williams mai kamfanin, Patrick Head shugaban sashen fasaha, Adrian Newey, da jami'ai uku na fili da na gasar. A Disambar shekarar aka sallame su duka. Aka yi ta ɗaukaka ƙara. A 2007 kotun ƙolin Italiya ta amince cewa sandar sitiyarin da aka yi wa gyara mara kyau ce sanadi, ta ɗora wa Head alhakin rashin sa ido, amma wa'adin da doka ta ba da na hukunci ya riga ya wuce.

Ba a san kwanar Tamburello tana da hatsari ba ne?

An sani sarai, kuma nan ne laifin ya fi fitowa fili. Nelson Piquet ya daki katangar nan a 1987. A 1989 Ferrari ɗin Gerhard Berger ta dake ta ta kama da wuta, 'yan kwana-kwana suka kashe ta cikin daƙiƙoƙi, ya tsira da ƙuna a hannu. Michele Alboreto da Riccardo Patrese su ma sun dake ta a wurin gwaji. Berger ya sha ba da labarin yadda shi da Senna suka taka har wurin, suka leƙa bayan katangar suka ga kogin Santerno, suka ce ba inda za a matsar da ita, suka juyo. Ba wanda ya kawo shawarar a sauya fasalin kwanar kanta don a rage gudu. Abin da aka yi ke nan a 1995, cikin 'yan watanni, bayan an rasa rai. Da yake duk waɗanda suka daki katangar a baya sun rayu, sai aka ɗauki sa'a a matsayin hujja.

Me ya sa ba a dakatar da gasar ba bayan mutuwar farko?

Al'adar sana'ar ke nan tun fil azal, ga kuɗin talabijin da na tikiti. Masu suka sun ce da an bayyana mutuwar Ratzenberger a cikin fili, da hukuma ta rufe wurin don bincike, sai aka bayyana ta a asibiti. Ranar Asabar Watkins ya shawarci Senna, wanda ya gani yana kuka, da ya ajiye tseren gaba ɗaya su tafi kamun kifi. Senna ya ce ba zai iya bari ba.

Ko bayan an ɗauke Senna, ba a yi awa ɗaya ba aka sake farawa. Kafin a gama, taya ta ƙwace daga motar Alboreto a layin garejin gyara ta raunata kanikawan Ferrari da Lotus, domin a lokacin ba iyakar gudu a wurin. Schumacher ya ci, Nicola Larini na biyu, Mika Häkkinen na uku. A ganina ba abin da zai wanke shawarar ci gaba da tseren ranar.

Kafin 1994 yaya lamarin yake?

Ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Ranar 11 ga Yuni 1955, a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, motar Mercedes ta Pierre Levegh ta hau bayan wata ta tashi ta tarwatse cikin 'yan kallo. Sama da mutum 80 suka mutu, kuma aka ci gaba da tsere har washegari. Mercedes ta janye daga tseren motoci na shekaru da dama, Suwizalan ta haramta shi a ƙasarta sama da shekara 60.

A shekarun 1960 da 1970 da wuya a yi kaka biyu ba a binne direba ba. Jim Clark ya mutu a 1968. Jochen Rindt ya mutu a Monza a 1970, aka ba shi kambin duniya yana kabari. Wanda ya fara tayar da ƙayar baya shi ne Jackie Stewart ɗan Sikotilan. A 1966 a filin Spa na Beljiyam motarsa ta faɗa gefen hanya cikin ruwan sama, ya maƙale kusan minti 25 fetur na zuba a jikinsa. Ba jami'in ceto ko ɗaya. Direbobi biyu ne suka ari sifana wurin ɗan kallo suka kwance sitiyari suka zaro shi, motar asibitin da ta ɗauke shi kuma ta ɓata a hanya. Daga ranar yakan manna sifana a cikin motarsa. Ya yi ta fafutukar a sa shinge, bel da likitoci, wasu 'yan jarida na kiransa matsoraci.

A 1973 Roger Williamson ya ƙone a cikin motarsa a Zandvoort ta ƙasar Holan, David Purley shi kaɗai yana ƙoƙarin juya ta, masu kula da hanya na tsaye ba su da kayan shiga wuta. A 1976 Niki Lauda ya nemi a ƙaurace wa tsohon filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon sama da kilomita 22, don ba yadda za a yi masu ceto su wadace shi. Aka kayar da shi a ƙuri'a, kuma shi ne ya ƙone a tseren. Bayan mako shida ya dawo ya zo na huɗu a Monza. A 1978 aka ɗauki Watkins, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ya kawo tsarin asibiti a kowane fili, jirgi a shirye, da motar likita mai bin 'yan tsere a zagayen farko. A 1981 McLaren ta fito da gangar mota ta zaren kabon, mai ƙarfi da rashin nauyi. Waɗannan ne suka kawo shekaru goma sha biyun nan na sauƙi, su ne kuma suka sa aka saki jiki.

To me aka canza bayan Imola?

Mako biyu bayan haka Karl Wendlinger ya yi hatsari a Monako ya yi makonni bai farfaɗo ba. Daga nan ba sauran jan ƙafa. Direbobi suka farfaɗo da ƙungiyarsu, abin da Senna ke tattaunawa da abokansa a safiyar ranar da ya mutu. FIA ta kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Watkins, aka koma auna abubuwa a ɗakin gwaji maimakon ihu bayan hari.

An sa iyakar gudu a layin gareji. An rage girman inji daga lita 3.5 zuwa 3 a 1995. An ɗaga gefen mazaunin direba a 1996, domin a motar Senna ana ganin kafaɗunsa a waje. A 1999 aka fara ɗaure tayoyi da igiyoyi masu ƙarfi don kada su fizge. An gyara kwanoni da yawa a filaye daban-daban, an faɗaɗa wurin da mota za ta gangara kafin ta kai katanga. An kuma manna wani falankin katako mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin kowace mota, idan ya cinye fiye da milimita ɗaya an san motar ta yi ƙasa da yawa, sai a soke sakamakonta. Schumacher ya rasa nasararsa ta Spa a 1994 saboda wannan, Lewis Hamilton da Charles Leclerc ma ya ci su a Amurka a 2023.

Sai abin wuyan da ake kira HANS, wanda ya zama dole a 2003. Yana zama a kan kafaɗu ƙarƙashin bel, an ɗaure shi da hular kwano, don kada kai ya fizgu gaba alhali jiki na ɗaure. Irin raunin da ya kashe Ratzenberger yake karewa.

Daga nan an daina mutuwa?

Direbobi sun yi shekara 20 ba a rasa kowa ba a tsere, amma masu kula da hanya, waɗanda yawancinsu 'yan sa-kai ne, sun mutu a Monza a 2000, a Melbourne a 2001 da Kanada a 2013. Ba a cika ambatonsu ba.

Ranar 5 ga Oktoba 2014 a Suzuka ta Japan, ana ruwan guguwa duhu na shigowa, Jules Bianchi ɗan Faransa ya zame ya shige ƙarƙashin motar ɗaukar kaya da aka shigo da ita don janye motar Adrian Sutil. Bai farfaɗo ba, ya rasu ranar 17 ga Yuli 2015 yana da shekara 25. A dalilinsa aka kawo tsarin da ke tilasta wa kowa rage gudu lokaci guda ta hanyar kwamfuta ba sai motar jagora ta fito ba.

Mene ne wannan ƙarfen da ke zagaye da kan direba?

Ana kiransa halo, an wajabta shi a 2018. Da ƙarfen titaniyom ake yin sa, nauyinsa bai wuce kilo bakwai ba, amma yana ɗaukar nauyin tan 12, wato buhun siminti 240. An fara nazarinsa ne bayan 2009, lokacin da taya ta kashe Henry Surtees a ƙaramar gasa a Ingila, bayan mako guda kuma wani ƙarfe ya ɓalle daga motar Barrichello ya fasa wa Felipe Massa ƙoƙon kai a Hangari.

Direbobi da yawa sun ƙi shi, suka ce muni ne da shi kuma ya ɓata asalin gasar. Romain Grosjean yana cikin masu sukar. Ranar 29 ga Nuwamba 2020 a Bahrain motarsa ta huda shingen ƙarfe da gudun kilomita 192, ta rabe biyu ta kama da wuta. Halo ɗin ne ya buɗa shingen, ba kansa ba. Bayan kimanin daƙiƙa 28 ya fito daga cikin wutar da ƙuna a bayan hannuwa, daga gadon asibiti ya ce ya janye maganarsa. A 2021 tayar motar Max Verstappen ta sauka a kan Hamilton a Monza, a 2022 motar Zhou Guanyu ta yi ta jan ƙasa a kife a Silverstone. Dukansu sun tsira, gardamar kuma ta mutu.

Wannan duk ya amfani mai motar gida da wani abu?

Ƙwarai. Bayan Imola, Mosley ya duba dokokin gwajin motocin gida na Turai ya ga sun tsufa. FIA ta mara wa shirin Euro NCAP baya, wanda ya fara a 1997, inda ake buga sababbin motoci da katanga a ba su taurari gwargwadon yadda suka kare na ciki. Kamfanoni sun yi ƙorafi da farko, daga baya suka shiga gasar neman taurari biyar. Motocin Turai da ake saukewa a Kwatano da Legas suna cin moriyar wannan gwaji, in dai ba a cire musu jakar iska ba kafin su iso hannun mai saye.

Yanzu me direbobi suka fi tsoro?

Ruwan sama ne a gaba. Faffaɗan tayoyin yanzu da ƙasan motar suna feso ruwa har na baya ba ya ganin komai, idan kuwa wata mota ta tsaya a gicciye a tsakiyar hanya, halo ba ya hana bugun gefe. Haka Anthoine Hubert ya mutu a gasar Formula 2 a Spa a 2019, ko da yake ranar ba ruwa, haka kuma Dilano van 't Hoff mai shekara 18 ya mutu a wannan fili a 2023 cikin ruwa. Tsoron ruwan ne ya sa a 2021 aka ƙare tseren Spa a bayan motar jagora, 'yan kallo suka tafi da haushi.

Sai motocin janye kaya. A 2022, a Suzuka ɗin da Bianchi ya yi hatsari, Pierre Gasly ya wuce ta gefen wata a kan hanya cikin ruwa, ya fito yana rawar jiki don fushi. Akwai filayen cikin gari masu gudu sosai da katanga kusa, irin na Jidda, inda kuma a 2022 aka harba makami kan ma'ajiyar man Aramco da ke kusa ana cikin atisaye, direbobi suka yi taro har tsakar dare kafin su yarda su yi tseren. A Qatar a 2023 zafi ya sa wani ya yi amai cikin hularsa, wani ya ajiye mota don ya kasa, abin da ya sa hukumar ta fito da rigar sanyaya jiki da ake tanada idan zafin rana ya haura ma'aunin da aka sa.